Ciwon tayirod: na ji sauƙi, in daina maganin ko in ci gaba?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san ciwon nan ko suka yi jinyar mai shi. Bayan na haifi ƙaramata da 'yan watanni sai na fara ramewa, alhali ci nake yi ba wasa. Zuciya na bugawa ko ina kwance, zufa ko a tsakiyar hunturu, hannu na rawa har shayi yakan zube min a zani. An yi ta yi min maganin taifod da maleriya, surukata kuma ta ce rashin wankan jego ne yadda ya kamata. Daga baya wani likita ya taɓa wuyana, ya sa na miƙa hannuwa ya ɗora takarda a kai, ya tura ni gwajin jini. Aka ce cutar Graves ce, wai tayirod ɗina, wata 'yar tsoka da ke gaban wuya, yana aiki fiye da kima. An ɗora ni kan kabimazol, yanzu ina cikin wata na biyar. Alhamdu lillahi barci ya dawo, bugun zuciyar ya lafa, har na fi da ƙiba.

Likita ya ce sai na yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ina sha. Maigida kuma cewa yake tunda na warke, don me zan ci gaba da ɗirka wa cikina ƙwaya, ga kuɗin gwaji duk zuwa. Ita kuma Hajiya surukata ta ce ƙwayar ce za ta hana ni haihuwa. Akwai wadda ta daina da wuri ta zauna lafiya? Kuma wai ana rabuwa da ciwon gaba ɗaya kuwa?

Anti_Zee:
Wa alaikumus salam. Don girman Allah kada ki daina. Ƙanwata ta ajiye nata da ta ga ta murmure, ba ta gaya wa kowa ba. Bayan 'yan watanni wani zazzaɓi ya kama ta, cikin dare jiki ya ɗau zafi ba kyan taɓawa, zuciya na gudu, ga amai ga zawo, tana ta surutai ba ta gane mu. A sashen gaggawa likitan ya ce ciwon ne ya tashi gaba ɗaya, kuma irin wannan tashin yana kisa. Allah ya yi da sauran kwana.

Baban_Khalifa:
Allah ya ƙara sauƙi. Amma ai ciwon wuya rashin aidin ne ke kawo shi, tun a firamare aka koya mana. Ki dage da gishiri mai aidin da kifi, in akwai ƙwayar aidin a kemis ki haɗa da ita, za ki ga maƙoƙon ya saɓe.

Nas_Hauwa:
Baban Khalifa, kada ka kashe mana 'yar mutane. Maƙoƙon da aka koya mana a makaranta daban, wannan daban. Wancan rashin aidin ne ke sa tayirod ya kumbura yana neman abin aiki, shi ya sa tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa a Najeriya. Nata kuwa aiki ne ya yi masa yawa, kuma da aidin yake haɗa sinadarin da ya yi mata yawa a jini. In ta ƙara ƙwayar aidin ta ƙara masa kayan aiki ke nan. Gishirin miya na yau da kullum ba laifi, ba sai ta canza ba, amma ban da ƙwayoyin aidin da garin ciyawar tekun nan da ake tallarsa a intanet.

Baban_Khalifa:
To, na ji. Amma ni dai har yanzu ban gane yadda ciwo ɗaya zai zama biyu ba.

Likita_Abu_Safwan:
Sannu Maman Ilham, Allah ya ba ki lafiya. Ban ga takardunki ba, don haka magana ce ta gaba ɗaya zan yi, hukunci na wurin likitanki.

Tayirod yana gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, shi ke fitar da sinadaran T4 da T3 masu tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, har da yanayin rai. Ba ya aiki da kansa, sai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ta aiko masa da saƙon da ake kira TSH. A cutar Graves, garkuwar jikin mutum ce ke ƙera wasu sojoji, a takardar gwaji za ki ga an rubuta TRAb, su je su manne a daidai wurin da saƙon ke sauka su yi ta ingiza shi dare da rana. Shi ya sa za ki ga T4 ya hau, TSH kuma ya faɗi ƙasa warwas, don ƙwaƙwalwa ta daina aikowa amma aiki bai tsaya ba.

Ki ɗauka babur ne totur ɗinsa ya maƙale. Kabimazol rage man da ke shiga inji yake yi, bai gyara totur ɗin ba. Sauƙin da kike ji yanzu aikin ƙwayar ne. Wata 12 zuwa 18 ɗin da aka ce miki lokaci ne da ake ba garkuwar jiki ko za ta huce da kanta. Cikin waɗanda suka cika wa'adin aka tsayar musu da magani, kusan rabi suna zama lafiya, rabi kuma ciwon yana dawowa, galibi cikin shekarar farko ko ta biyu. Wanda ya yanke a tsakiya ya fi kusa da dawowar. In da hali, kafin a tsayar ana sake gwada TRAb. In ya sauka, akwai kyakkyawan zato. In yana sama, an fi so a ci gaba ko a yi tunanin wata hanyar.

Batun ƙiba kuwa, ki gaya wa likitanki. Wani ɓangare naman da kika rasa ne ya dawo, ga kuma cin da kika saba da shi lokacin ciwon. Amma yana iya zama maganin ya fara yi miki yawa ya danne tayirod ɗin fiye da kima, musamman in kina jin sanyi, kasala da taurin bayan gida. Wannan rage ƙwaya ake yi bisa sakamakon jini, ba dainawa ba. Amfanin gwajin da maigida ke ƙorafi a kai ke nan.

Ummu_Haidar:
Likita Allah ya saka da alheri. Ni abin da ya fi ci min rai ba ramar ba ce, faɗa ne. Ni da ko yaro ban iya tsawata wa sai ga shi cokali ya faɗi na kama masifa, in gama in zauna in yi kuka. Idanuna suka firfito. Dangin miji suka ce aljanu ne, dangina suka ce abokiyar zamana ce ta yi min sammu. Baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, har gaisuwa aka daina yi da ita. An sha turare da rubutu. Ranar da sakamako ya fito ita ce ta raka ni asibiti ma.

Malam_Tudun_Wada:
Allah ya kyauta. Zargin mutum da sihiri ba hujja zalunci ne, kuma yana raba zumunci. Ruƙiya da addu'a ba sa hana shan magani, ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. A yi addu'a, a je asibiti. Ummu Haidar, ina fata waɗanda suka zarge ta sun nemi afuwarta.

Ummu_Haidar:
Wasu sun nema Malam, wasu har yau suna cewa ai asirin ne ya koma ciwon asibiti.

Waraka_Herbal:
Hajiya ki min magana ta sirri. Muna da haɗi na musamman, kwana 21 maƙoƙo ya narke ba tiyata ba ƙwaya.

Admin_Sadiya:
Na cire lambar wayar da ka sa. Doka ta uku a gidan nan: ba talla. In ka sake fita za ka yi.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum. Ku bar cewa ciwon mata ne, ga ni nan namiji ina da shi. Ni a takardata lokotoro Basedow ya rubuta, sai da na gwada ma wani ɗan'uwa da ke karatun likita a Zariya ya ce abu guda ne da Graves, ƙasashen Faransanci da sunan likitan Jamus suke kiran shi. Neo-Mercazole nike sha, shi ne dai kabimazol ɗin. Ni ta ƙafa ya fara mani: in na yi sujada tashi sai na dafa bango, hawa bene kuwa sai a hankali. Na rame har mutane suka fara kauce ma kwanon da nike ci, ana raɗe-raɗin ƙanjamau ce. Na yi awon har na manna takardar a shago don masu gulma. Yanzu lahiya lau, sai dai lokotoro ya ce in bar taba ko in rasa idanu, wannan ne yaƙin da nike ciki.

Likita_Abu_Safwan:
Gaskiya ne, maza na kamuwa, sai dai mata sun ninka su sau biyar zuwa goma, kuma ya fi zuwa tsakanin shekara 20 da 50. Yana bin dangi. Sunayen biyu na likitocin da suka bayyana shi ne, Robert Graves a Dublin a 1835, da Karl von Basedow a Jamus a 1840. Maganar taba kuma lokotoronka bai yi maka ƙari ba. A cikin abubuwan da ke tsananta ciwon idon, taba ce babbar da mutum ke da iko a kanta. Shisha ma taba ce, na faɗa don 'yan matanmu. Matar da mijinta ke busa mata hayaƙi a ɗaki ita ma ta shiga lissafi.

Zahra_Kd:
Tunda an zo kan ido bari in yi magana, don ni nan ne ciwona yake. Jinina ya daidaita tuntuni, amma idon bai koma ba. Da safe in tashi fatar ido a kumbure, cikin idon kuma yana min ƙaiƙayi da tsikari, in na fita rana hawaye ya yi ta zuba. Ɗalibaina suna cewa Malama ta cika harara, alhali kallo kawai nake yi. Hoton biki ma na daina shiga. A Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna aka auna min fitowar idon da wani ɗan ma'auni da ake dafawa a gefen fuska, aka ba ni ruwan ɗigawa mai hana bushewa da man shafawa na dare, aka ce in ƙara filo in ɗaga kaina in zan kwanta, in riƙa sa baƙin gilashi saboda rana da ƙura. Ya rage wahalar sosai. Abin da nake so Maman Ilham ta sani shi ne ciwon ido tafiyarsa daban take, kabimazol ba ya mayar da shi. In kin ga abu ɗaya ya zama biyu, ko launi ya fara dushewa, ko idon ba ya rufuwa in kina barci, kada ki jira ranar ganin likitanki.

Maman_Ilham:
Zahra sannu, Allah ya yaye miki. Nawa idon bai fito sosai ba, ɗan kumburi ne da safe. Amma maigida yana shan taba, ko da yake a waje yake sha. Ku taimaka min da maganar haihuwa, ita ce ta fi tsaya wa Hajiya a rai, kuma gaskiya ni ma ina son ƙari.

Ungozoma_Rabi:
'Yata, ki gaya wa Hajiya cikin ladabi cewa ba ƙwayar ke hana haihuwa ba, ciwon ne in an bar shi. Shi ke rikita al'ada ta ragu ko ta ɗauke, in ciki ya shiga a haka kuma ana tsoron ɓari, bakwaini, hawan jinin masu ciki, da jariri ƙarami. Abin da ke gaskiya a maganarta shi ne kabimazol ba a son sa a watanni ukun farko na ciki, don yana iya jawo tawaya a halittar jariri, ko da yake ba kasafai ba. Shi ya sa ake so ki yi tazara yanzu, ki gaya wa likita kina son ƙari, ku tsara tare. In lokaci ya yi, ko dai kin gama maganin, ko a mayar da ke kan wani da ake kira PTU na farkon cikin. In kuma kika ga batan wata ba shiri, a yi gwajin fitsari a ranar, ki nemi likitanki a cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ki yanke hukunci ke kaɗai.

Abu biyu da na sha gani a ɗakin awo. Ciwon yakan lafa in ciki ya tsufa har mace ta ɗauka ta rabu da shi, sai bayan haihuwa ya taso. Sa'an nan sojojin nan da Likita ya ambata suna ratsa mabiyiya su kai ga jariri, ko da an yi wa uwar tiyata tuntuni. Don haka duk mai tarihin ciwon nan ta faɗa a ranar da ta yanki katin awo.

Maman_Ilham:
Shayarwa fa? Har yanzu ban yaye ta ba.

Ungozoma_Rabi:
Ci gaba da ba ta nononta. A adadin da aka saba bayarwa ba a hana shayarwa, an fi so dai ki sha ƙwayar bayan ta gama tsotsa.

Dalibin_Likita_22:
Tambaya ga Likita, a gafarce ni. Tunda bayan haihuwa ya fara mata, ba zai yiwu kumburin tayirod na bayan haihuwa ba ne, wanda ke wucewa da kansa? An koya mana shi ba a ba shi kabimazol.

Likita_Abu_Safwan:
Tambaya mai kyau. Yana yiwuwa a rikita su, don dukansu suna zuwa a shekarar farko bayan haihuwa. Wancan sinadarin da ke ajiye ne ke tsiyayewa, cikin 'yan makonni zuwa wata uku yake lafawa, wani lokaci ya juye ya koma ƙarancin aiki. Abin da ke raba su shi ne gwajin TRAb da alamun ido. Maman Ilham, an yi miki shi?

Maman_Ilham:
An yi, sai da aka aika jinin wani gari muka jira. Likitana ya ce ya hau sosai.

Likita_Abu_Safwan:
To Graves ce. Kuma tunda ya hau sosai, ƙarin dalili ne na kada a yi gaggawar tsayarwa.

Hajiya_Talatu:
Ni fa ban ga amfanin wannan jeka-ka-dawo ba. Na cika wa'adina cif, aka tsayar, ban shekara ba ya dawo, ga wuya ya yi girma har in na kwanta rigingine numfashi na yi min wuya. Na ce a cire kawai. Sai da aka daidaita jinin tukuna, aka ba ni wani ruwan aidin ina ɗigawa a ruwa ina sha na kwana goma, sa'an nan aka shiga da ni. Na tashi murya a dishe, ta ɗau makonni kafin ta washe, yatsuna da leɓɓana suna ta tsikari aka ce kalshiyam ne ya sauka, aka ba ni ƙwayarsa. Tabon yana cikin layin wuya, sarƙa ma tana rufe shi. Yanzu ƙwayar tairoksin, mai maye gurbin sinadarin tayirod, guda ɗaya kullum da asuba, shi ke nan. Da na sani tun farko da ita na fara.

Baban_Khalifa:
Yauwa! Nas Hauwa kin ji ko? Ga shi asibiti da kansu sun ba Hajiya aidin. Ashe dai ban yi ƙarya ba.

Nas_Hauwa:
Kai dai Baban Khalifa ba ka karɓar kaye. Wannan dabara ce ta 'yan kwanaki kafin tiyata: aidin mai yawa a lokaci guda yana sa tayirod ya ɗan tsaya cik, jinin da ke shiga cikinsa ya ragu, aikin ya yi sauƙi. Bayan mako biyu ko makamancin haka tasirin yana gushewa, in ba a cire shi ba ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Ba abin da mutum zai saya a kemis ba ne.

Fati_Gwarinpa:
Hajiya Talatu, ni kuma wuƙar ce ban yarda da ita ba. Aidin na nukiliya aka ba ni a nan Abuja, a Ibadan ma ana yi. Haɗiya ɗaya ce na dawo gida a ranar. Tayirod ne ke zuƙe shi, sai ya ƙone a hankali cikin watanni. Wahalar ita ce sharuɗɗan: na yi kwanaki ina kwana ni kaɗai, ba ɗaukar yara ba rungumarsu, kofina da cokalina daban, ban ɗaki a kora ruwa sosai. Sai an tabbatar ba ki da ciki, ba kya shayarwa, kuma ba ɗaukar ciki sai bayan wata shida. Daga baya tayirod ɗin ya yi sanyi, ni ma yanzu tairoksin nake sha.

Bilkisu_M:
To ku biyun duk ƙarshenta ƙwaya ce har abada. Wannan ai musanya ciwo da ciwo ne. Ni shekaru ke nan ina kan ƙaramin adadin kabimazol, likitana ya ce tunda jinina na zaune kuma ba ya ba ni matsala, ba dole sai an cire ko an ƙona ba. Tayirod ɗina na nan a wuyana, kuma ina sa ran wata rana a tsayar.

Hajiya_Talatu:
Bilkisu, ba ɗaya ba ne. Tawa ƙwayar abin da jiki ya rasa take mayarwa, ba na zaman fargabar ko zai tashi. Ke kuwa ko mura kika yi sai gabanki ya faɗi.

Bilkisu_M:
Ke ma Hajiya in ƙwayarki ta yanke a kasuwa ya za ki yi? Ni ko ba komai ina da abin da zai yi min aiki.

Zahra_Kd:
Ni dai an ce min aidin na nukiliya ba nawa ba ne a yanzu, don yana iya ƙara tsananta ido, musamman ga mai shan taba. Kowa da irin jikinsa.

Famasis_Kabiru:
Bari in shigo da abin da ya shafi kantina. Fargabar da Hajiya Talatu ta ambata tana da tushe, kuma ban ga an yi bayaninta ba. Kabimazol da PTU suna iya kayar da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Ba ya kai mutum ɗaya cikin ɗari, kuma ya fi faruwa a watanni ukun farko, amma in ya zo ba ya jira. Duk mai shan su da ya ji zazzaɓi, ciwon maƙogwaro ko gyambo a baki, ya dakatar da ƙwayar a ranar, ya je a ƙirga masa ƙwayoyin jini, in sun fito lafiya ya ci gaba. A nan ne kaɗai ake dakatarwa kafin a ga likita, sai kuma in ido ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu, alamar hanta ke nan. Matsalarmu ita ce kowane zazzaɓi maleriya muke ce masa, a sayi magani a kemis a kwanta. Ku riƙa gaya wa duk wanda zai ba ku magani cewa kuna kan kabimazol.

Sai ƙwayar rage bugun zuciya da rawar hannu da ake haɗawa a farko, wadda aka fi sani da Inderal: mai asma ya faɗa kafin a ba shi, tana iya toshe masa numfashi. Maganin mura mai buɗe hanci, shayi mai kauri, kofi, goro da lemon ƙara kuzari duk suna ƙara bugun. Mata masu shan ƙwayoyin gyaran gashi da fata kuma, yawancinsu akwai bayotin a ciki, yana iya ɓata sakamakon gwaji ya nuna ciwon ya tashi alhali bai tashi ba. A ajiye shi aƙalla kwana biyu kafin a ɗebi jini, kuma a gaya wa likita.

Ummu_Haidar:
Innalillahi, ni kuwa ina shan na gashin nan saboda zubewar da ya yi. Na gode Famasis.

Ɗan_Damagaram:
Azumi hwa? Bara ban yi ba don lokacin ciwon na da ƙarfi, bana ina so in yi.

Likita_Abu_Safwan:
Wanda jininsa ya daidaita yawanci yana azumi lafiya, kabimazol ana iya shan sa sau ɗaya a rana, da sahur ko bayan buɗa-baki. Wanda har yanzu zuciya ke gudu, yana zufa yana ramewa, ƙishirwa za ta wahalar da shi, ya tambayi likitansa kafin watan ya kama. Masu tairoksin su ne ke da ɗan aiki, don cikin da ba komai take so: rabin awa zuwa awa ɗaya kafin sahur, ko lokacin kwanciya in an yi awa uku da cin abinci. Kuma a raba ta da maganin ƙarin jini da kalshiyam da awa huɗu.

Sadiq_Sports:
Don ƙarfafa gwiwa: 'yar tseren Amurka Gail Devers an gano tana da ciwon nan a 1990, ta yi magani, ta zo ta ci zinare a tseren mita 100 a gasar Olamfik ta 1992 a Basalona, ta sake ci a 1996. Ba ƙarshen rayuwa ba ne.

Bilkisu_M:
Ita tana Amurka Sadiq. Mu nan kuɗin gwaji ɗaya sai ka yi shawara da buhun shinkafa. Kada a ga laifin mijin Maman Ilham da yawa, aljihu ne ke magana.

Nas_Hauwa:
Wannan gaskiya ne. Abin da zan ce, ku riƙa gaya wa likita halin da ake ciki ba kunya. A farko ana gwaji duk mako huɗu zuwa shida, in abu ya zauna ana tazarar wata biyu zuwa uku. Kuma a watannin farko TSH yakan daɗe a ƙasa ko da sauran sun daidaita, don haka in kuɗin ba zai kai duka ba, likita zai iya zaɓar wanda ya fi amfani a lokacin, galibi T4. A asibitocin koyarwa, layin da masu ciwon suga ke bi nan ne likitocin tayirod suke. Mai inshorar lafiya ta wurin aiki ya tambaya ko tana ɗaukar wani abu. Kuma barin ciwon ba araha ba ne, yana kaiwa ga rikicewar bugun zuciya, kumburin zuciya da lalacewar ƙashi.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na miƙa wa maigida wayar ya karanta da kansa. Bai ce komai ba a kan taba, amma ya ce zai bi ni ranar da zan koma ya ji daga bakin likita. Ya tsaya a kan maganar rabi da rabin nan, wai in bayan duk wannan kashe kuɗin ana iya komawa gidan jiya, me zai hana a yi tiyatar tun yanzu a huta. Ni kuma tsoron wuƙa nake, ga maganar murya. Zan ci gaba da sha dai kafin ranar.

Hajiya_Talatu:
Mijinki ya fi ki gaskiya. A nemi likitan da ya saba yin aikin, ki tambaye shi kai tsaye sau nawa yake yi a shekara.

Bilkisu_M:
Haba Hajiya, yarinyar da ko wa'adin farko ba ta cika ba, wuyanta bai girma ba, za a kai ta ɗakin tiyata? A bar ta ta gwada sa'arta mana, ƙila tana cikin rabin da ke dacewa.

Anti_Zee:
Ku rubuta tambayoyinku a takarda kafin ku shiga, layin na da tsawo likita ba zai ba ku lokaci mai yawa ba. Ki sa maganar ƙibar da ta haihuwa a sama. Hajiyar ma in za ta yarda ku tafi da ita.

Maman_Ilham:
Hajiya kam sai dai addu'a, jiya ma ta aiko min da wani jiƙo a galan.

Safiya_Skt:
Salam, yanzu na shigo na karanta tun daga sama. 'Yata mai shekara 15 tana ramewa, ba ta barci, makaranta sun ce ba ta zama wuri ɗaya, rubutunta ma ya lalace. Yayata tana da ciwon nan. Yara ma suna yi ne? Kuma wane gwaji zan ce a fara yi mata a nan Sakkwato?